Luguden da Ke Cikin Kai: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Ke Haɗa Bugu Su Isar da Saƙo

Duk shekara idan muka iso babin haɗa bugun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a bitar da nake yi wa ɗaliban likitanci da yammacin Asabar a Samaru, Zariya, tambayoyin ba sa canzawa, fuskokin masu yin su ne ke canzawa. Wasu a aji suke ɗaga hannu, wasu sai dare ya raba su turo ta WhatsApp. Ga su nan na tattara, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi. Na sa musu lamba saboda amsoshin suna jingina da juna.

1. Malam, mu fara daga tushe. Me ake nufi idan aka ce ƙwayar jijiya ta "buga"?

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya, wato niyuron, wajen biliyan 86. Kowace tana da rassan da take karɓar saƙo da su, da doguwar jela guda da take aikawa da ita. Idan tana hutawa, lantarkin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kimanin milibolt 70 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, ma'aunin ƙarfin lantarki). Saƙonni na ta shigo mata, wasu na zuga ta, wasu na kwantar da ita. Da zarar zugar ta kai wani mizani, sai ƙofofin sodiyam da ke fatarta su buɗe, lantarkin ya juye, ya ruga ta jelar zuwa mahaɗarta da wasu ƙwayoyin. Wannan shi nake kira bugu, kuma tsawonsa kimanin milisakan 1 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware lissafinsa a Ingila a 1952.

Babu rabin bugu. Kamar kunamar bindiga ce: ko a hankali ka ja ko da ƙarfi, harsashin da zai fita ɗaya ne.

2. To idan duk bugun iri ɗaya ne, a ina saƙon yake?

Amsa ta farko da aka samu ita ce: a yawansa. A 1926 Edgar Adrian da Yngve Zotterman sun rataya nauyi a tsokar kwaɗo suna sauraron jijiyar da ke fita daga cikinta. Duk sa'ad da suka ƙara nauyi, girman bugun bai canza ba, sai dai ya ƙara yawa a cikin kowane sakan. Ke nan jijiya tana cewa "da ƙarfi" ne ta hanyar maimaitawa da sauri. Adrian ya samu lambar Nobel a 1932, kuma har gobe wannan bayani yana nan daram. Duk abin da za ku karanta a ƙasa ƙari ne a kansa, bai rushe shi ba.

3. Me ya hana a tsaya a kan yawan bugu kawai?

Lokaci. Kafin ka ƙirga yawa sai ka jira abin ƙirgawa ya taru. A 1996 Simon Thorpe da abokan aikinsa a Faransa sun riƙa haska wa mutane hoto na milisakan 20 kacal, su faɗa ko akwai dabba a ciki. Lantarkin kansu ya nuna cewa cikin kimanin milisakan 150 ƙwaƙwalwa ta riga ta bambance. Daga ido zuwa inda ake yanke wannan hukunci akwai zango wajen goma, don haka kowane zango bai samu fiye da milisakan goma da 'yan kai ba. A wannan ɗan tsakanin, ƙwaya ɗaya da ƙyar ta buga sau ɗaya ko biyu.

Akwai mafita biyu. Ko dai a ƙirga bugun ƙwayoyi da yawa a lokaci guda, ko kuma lokacin da bugun ya faɗo shi kansa ya zama magana: wa ya riga wa, wa ya buga tare da wa. Mafita ta biyun ita ce batun wannan shafi.

4. Shi haɗa bugun, wai kowa ya buga a lokaci guda ke nan?

Nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, kuma nan nake kawo musu lugude. Na taɓa tsayawa a wani gidan biki a Tudun Wada ina kallon mata uku a kan turmi ɗaya. Kowace taɓarya tana sauka a kan lokacinta, ta farko na fita ta biyu na shiga, har ɗayarsu takan cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ba tare da ta rasa layinta ba. Ka ƙirga saukar kowace taɓarya a minti ɗaya, za ka samu adadi guda. Abin da ya bambanta su shi ne gurbin da kowace ke faɗowa a cikin zagayen. Da su ukun za su sauke tare, da taɓare sun gwabza, gero ya watse.

Saboda haka haɗa bugu iri biyu ne. Akwai na tafi, inda ƙwayoyi ke bugawa tare cikin tazarar 'yan milisakan. Akwai kuma na lugude, inda suke bin kiɗa ɗaya amma kowace da gurbinta. Na farkon yana sa a ji saƙo da ƙarfi, kamar yadda tambaya ta 5 ta bayyana. Na biyun yana iya ɗaukar saƙo a cikin jerin kansa, kuma misalinsa mafi kyau yana tambaya ta 10.

5. Ita ƙwayar da ke karɓa, ina ruwanta da lokacin da saƙo ya iso?

Ruwanta babba. Saƙo ɗaya daga mahaɗa ɗaya ƙarami ne ƙwarai, sau da yawa bai kai milibolt 1 ba, alhali ana bukatar milibolt goma sha wani abu kafin a kai mizani. Sannan ƙwayar tana yoyo: abin da ya shigo yana zurarewa cikin milisakan 10 zuwa 20. Ka tuna bas ɗin da ta mace a Kwangila. Fasinja biyar su tura ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi gumi ya koma, motar tana nan inda take. Su haɗa kafaɗa, yaron mota ya ce "ɗaya, biyu, uku", sai ga ta ta motsa. Ƙarfin da aka kashe ɗaya ne a duka biyun.

Ma'anar wannan ita ce rukunin ƙwayoyi zai iya ƙara tasirinsa a kan na gaba ba tare da ya ƙara bugu ko ɗaya ba, ta hanyar daidaita lokaci kawai. Ga ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kusan kashi 2 cikin ɗari ne na jiki amma take cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, wannan rangwame ne mai yawa.

6. Wa ke riƙe da kiɗan? Akwai wani makaɗi a tsakiyar kai?

Babu makaɗi ɗaya. Abin mamakin ma, masu tsawatarwa ne suka fi riƙe kiɗan. Wajen ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa aikinsu hana maƙwabta bugu ne, da sinadarin GABA. Masu zuga su buga, su tayar da masu tsawatarwa, su kuma su rufe bakin kowa na ɗan lokaci. Da tsawar ta lafa, duk waɗanda suka ƙagu sai su buga kusan tare, zagaye ya sake. Idan kowane zagaye ya ci milisakan 25, an samu sau 40 ke nan a sakan. A 2009 rukunoni biyu a Amurka sun gwada wannan kai tsaye a jikin ɓeraye: suka sa wa wani jinsi na masu tsawatarwar, masu furotin fabalbumin, sinadarin da ke amsa haske, suka riƙa kunna su da walƙiya, sai ga kaɗawa mai sauri da ake kira gama ta bayyana (duba tambaya ta 7).

7. Su alfa da bita da gama da muke haddacewa, daga ina suka fito?

Daga wani likita Bajamushe, Hans Berger, wanda ya fara ɗaukar lantarkin kan mutum a garin Jena a 1924, ya buga sakamakon a 1929. Ya ga idan mutum ya rufe ido ya natsu, wata kaɗawa mai kimanin sau 10 a sakan tana tasowa, da ya buɗe sai ta dushe. Ita ce alfa. Mutane ba su gaskata shi ba sai da Adrian ya maimaita gwajin a 1934. Rabon da ake yi a yau shi ne: delta ƙasa da 4 a sakan, tita 4 zuwa 8, alfa 8 zuwa 13, bita 13 zuwa 30, gama daga 30 zuwa sama. Ku haddace don jarrabawa, amma ku sani mutane ne suka ja waɗannan iyakokin, kuma littafi da littafi sukan ɗan saɓa.

Abin da ya fi haddar muhimmanci shi ne fahimtar abin da EEG, na'urar da ke ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa daga fatar kai, ke ji. Ka tsaya a bayan katangar makarantar allo da asuba. Almajirai hamsin, kowa na karanta nasa allon, ba abin da ke iso maka sai guna-guni. Malam ya ce a haɗa baki a biya sura ɗaya, nan take ka ji kalmomi tar, har daga bakin titi. EEG a bayan katanga take, fata da ƙashi sun shiga tsakani, don haka ba ta jin komai sai abin da dubban ƙwayoyi suka yi tare. Ku lura da abin da wannan ke nufi: babban layi a takardar EEG alamar haɗa baki ne, ba alamar yawan aiki ba. Lokacin guna-gunin nan ne aka fi karanta darussa daban-daban. Shi ya sa mafi girman igiyoyi a lafiyayyen mutum a barci mai nauyi ake ganin su.

8. Mece ce "matsalar ɗauri" da ake yawan haɗa ta da wannan batu?

Ka tsaya kallon hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau. Ga farin doki da jan lifidi, ga baƙi a gefensa da kore. Launi, siffa da motsi ba a wuri ɗaya ƙwaƙwalwa ke sarrafa su ba. To yaya aka yi ba ka ɗora jan a kan baƙin doki ba? Christoph von der Malsburg ya kawo shawara a 1981 cewa ƙwayoyin da ke magana a kan abu ɗaya suna bugawa tare, na wani abin kuma su buga a nasu lokacin, sai lokaci ya zama igiyar da ta ɗaure su.

A 1989 Charles Gray da Wolf Singer da abokan aikinsu a Frankfurt suka samu abin da ya yi kama da hujja. Sun sa siraran wayoyi a wurare biyu na sashen gani a ƙwaƙwalwar kyanwa, kowane wuri yana kallon nasa yanki. Da aka gilma da doguwar sanda ɗaya ta haske da ta ratsa yankunan biyu, ƙwayoyin suka haɗa bugu a wajajen sau 40 a sakan. Da aka raba ta gida biyu masu tafiya gefe guda, haɗin ya yi rauni. Da aka sa kowace ta nufi nata gefen, ya ɓace. Yawan bugun kuwa kusan bai canza ba.

Sai dai magana ba ta ƙare a nan ba. A 1999 Michael Shadlen da Anthony Movshon sun yi wa ra'ayin kaca-kaca, suna tambayar wa ke karanta wannan alamar, kuma ta yaya ake sanin waɗanda za su haɗa bugu tun kafin a gane abin da ake kallo. Wasu gwaje-gwaje a kan birai ma ba su ga haɗin yana bin abin da dabbar ta gani ba. Ni a ganina, wanda ya rubuta a takardar jarrabawa cewa gama ta warware matsalar ɗauri ya yi azarɓaɓi. Ka ce shawara ce mai hujjoji da masu suka, ka kawo ɓangarorin biyu.

9. Akwai inda aka tabbatar haɗa bugun yana aiki ne, ba hayaƙin inji ba ne kawai?

Akwai, kuma tambayar tana kan hanya, domin ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Sai ka cire haɗin ka bar bugun, ka ga me ya lalace. Gilles Laurent ya nuna cewa a ƙwaƙwalwar fara, ita dai wadda muke ci da yaji, ƙamshi yana sa ƙwayoyi su kaɗa tare kimanin sau 20 a sakan. A 1997 Mark Stopfer da shi da wasu suka koma kan ƙudan zuma. Aka koya musu cewa wani ƙamshi yana zuwa da ruwan sukari, har suka riƙa miƙo harshe da sun ji shi. Sannan aka sa wa wasu sinadarin da ke wargaza haɗin amma ya bar ƙwayoyin suna amsa ƙamshi. Waɗannan sun ci gaba da bambance ƙamshin da ya yi nisa da wanda suka koya, amma suka riƙa rikita shi da mai kama da shi.

Misali na biyu yana gefen kanka. Ɗan acaɓa ya danna hon a PZ, ka waiwaya dama ba tare da tunani ba. Sautin ya riga isa kunnen dama da abin da bai kai milisakan 1 ba, kuma mutum yana iya jin tazarar da ta yi ƙanƙanta har kusan kashi 10 cikin miliyan na sakan. A gindin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne gwada isowar bugu daga kunnuwan biyu. Lloyd Jeffress ya yi hasashen tsarin a 1948, Catherine Carr da Masakazu Konishi suka same shi a jikin mujiya a 1990. A nan ba mai jayayya cewa lokaci shi ne saƙon.

10. Ka ce gurbin bugu a cikin zagaye yana iya ɗaukar saƙo. Kamar yaya?

A 1971 John O'Keefe da Jonathan Dostrovsky a Landan suka gano cewa a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira hifokamfas akwai ƙwayoyin da kowace ba ta bugawa sai dabbar ta shiga wani keɓaɓɓen wuri. Yayin da ɓeran ke tafiya, sashen gaba ɗaya yana kaɗa tita, kimanin sau 8 a sakan. A 1993 O'Keefe da Michael Recce suka lura da wani abu: da ɓeran ya shigo yankin wata ƙwaya, tana bugawa ne a ƙarshen zagayen. Yana ƙara gaba, tana ƙara rigaye, har idan zai fita ta dawo kusa da farkonsa.

Yawan bugun yana hawa ne ya sauka, don haka shi kaɗai ba zai gaya maka ko shiga ake ko fita ba. Gurbin kuwa gefe ɗaya yake tafiya. Sannan da yake yankunan ƙwayoyin suna hawa kan juna, a cikin zagaye ɗaya na kimanin milisakan 125 za ka ji ta wurin da aka baro, sai ta wurin da ake, sai ta wurin da za a je, a jere. Luguden tambaya ta 4 ke nan, sai dai jerin taɓaren ya zama taswirar hanya. O'Keefe ya raba Nobel ta 2014 da May-Britt Moser da Edvard Moser.

11. Yana da alaƙa da mai da hankali?

Da alama. A 2001 Pascal Fries da Robert Desimone da abokansu sun nuna cewa idan biri ya mai da hankali kan abu ɗaya cikin biyu, ƙwayoyin da ke wakiltar abin suna ƙara haɗa bugu a gama. Daga baya, a 2005, Fries ya ce tunda kowane zagaye yana da lokacin da ƙofa ke buɗe da lokacin da take rufe, kamar yadda aka gani a tambaya ta 6, sashe biyu za su ji juna ne idan saƙon ɗaya yana isowa daidai buɗewar ƙofar ɗayan. Ra'ayi ne mai ƙarfi, amma shi ma ana kan gardama a kansa.

12. Da gaske ne kwana karatu ana gobe jarrabawa asara ce?

Ba zan ce asara ce gaba ɗaya ba, na san da yawanku da shi kuka tsallake. Amma ga abin da aka gani. Donald Hebb na Kanada ya yi hasashe a 1949 cewa idan wata ƙwaya ta saba taimakawa wajen tayar da wata, mahaɗarsu tana ƙarfafa. A 1998 Guo-qiang Bi da Mu-ming Poo suka auna: idan mai aikawa ta riga mai karɓa bugu da abin da bai wuce kimanin milisakan 20 ba, mahaɗar ta ƙarfafa, idan aka juya jerin ta raunana. Ku kwatanta wannan adadi da tsawon zagayen gama.

A barci kuma, Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun ga a 1994 cewa ƙwayoyin hifokamfas da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke yawo suna sake bugawa tare bayan ya kwanta. Maimaicin yana zuwa ne cikin wasu gajerun kaɗawa masu saurin gaske, wajen sau 200 a sakan. A 2009 aka riƙa katse waɗannan kaɗawar a barcin ɓerayen da ke koyon hanya, koyonsu ya ja baya. Wanda ya kwana da shayi da burodi a aji ya hana kansa wannan bitar.

13. Ke nan iya yawan haɗa bugu iya kyawun ƙwaƙwalwa?

Sam. Shaidu goma da duk daga bakin mutum ɗaya suka ji labari, shaida ɗaya ce. A 1994 Ehud Zohary da Shadlen da William Newsome sun auna maƙwabtan ƙwayoyi a sashen ganin motsi na biri, suka ga kurakuransu suna ɗan tafiya tare, da kusan 0.12 a ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa. Ƙaramin adadi ne, amma lissafinsu ya nuna ya isa ya sa tara ƙwayoyi fiye da ɗari ko makamancin haka bai ƙara wani haske na a zo a gani ba.

Idan haɗin ya wuce gona da iri kuma, cuta ce. A ciwon Fakinsin, mai sa karkarwa da taurin jiki, kaɗawar bita tana yin kane-kane a sassan da ke tsara motsi, kuma maganin lebodofa yana rage ta yayin da jikin ke sakewa. A wani nau'in farfaɗiyar yara, EEG tana nuna igiya mai tsini sau 3 a sakan a ko'ina cikin kai. Yaro yana cikin magana sai ya tsaya cak, ido a kafe na 'yan sakanni, ya ci gaba bai san an yi ba. Duk taɓaren sun sauka tare.

14. Tunda an zo kan farfaɗiya, me za mu gaya wa mutanen gida?

Cewa daga lantarkin ƙwaƙwalwa take, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan an gano ta an ba su maganin da ya dace. Idan ta tashi, a janye wuta da ruwa da duk abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko a ɗura masa komai, a juya shi ta gefe. Ta wuce minti 5 ko ta maimaita kafin ya farfaɗo, a nufi asibiti. Mu a nan ga na koyarwa a Shika.

15. Sautukan da ake tallatawa a intanet, wai masu sa ƙwaƙwalwa ta shiga gama ko alfa, suna aiki?

Gaskiya ne ƙwaƙwalwa tana bin sauti ko hasken da ke maimaituwa, ana ganin haka a EEG. Amma bin kiɗan waje daban, haɗa bugun da ke ɗauke da saƙo daban, domin shi na biyun ya dogara ne da waɗanne ƙwayoyi suka haɗu, a kan wane abu, na tsawon wane ɗan lokaci. A 2016 rukunin Li-Huei Tsai a Amurka ya ba da rahoton cewa haske mai ƙyaftawa sau 40 a sakan ya rage gurɓataccen furotin a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka sa wa alamun cutar mantuwa ta Alzema. A 2023 wani rukunin ya gwada bai samu haka ba. Idan sautin yana toshe maka hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai, ka ci gaba da saurare, amma kada ka biya kuɗi saboda an rubuta gama a jikinsa. Bidiyon haske mai walƙiya kuwa, duk mai tarihin faɗuwa ya guje shi, domin a wasu masu farfaɗiya shi kaɗai ya isa ya tayar da ita.